Gudawa ta tafi, gwiwa ta kumbura: ciwon gaɓɓan da ke biyo bayan wata cutar

Akwai wani ciwo da ya kamata mu zauna mu yi maganarsa a tsanake, dan yawanci matasa majiya ƙarfi yake kamawa, 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma yadda yake zuwa ɗin ne ke rikita mutane. Mutum ya yi gudawa ko atini na kwana uku huɗu, ya sha magani ko ma bai sha ba abin ya tsaya da kansa, ya koma harkokinsa har ya manta, sai bayan sati biyu ko uku ya wayi gari gwiwa ɗaya ta kumbura suntum, ga zafi in ka taɓa, ya kasa lanƙwasa ta. Wani idon sawu ne, wani dunduniya ce za ta ƙi taka ƙasa. Bai faɗi ba, bai buge ba, bai je ƙwallo ba. Toh daga nan sai a fara lissafi a gida, wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce ya taka wani abu a hanya, wata gwaggo ta ce ai jifa ne tunda yaron ya fara samu. Ba wanda zai tuna da gudawar nan, har shi mai ciwon, alhali ita ce mafarin komai.

Likitoci suna kiransa riyaktib atiraitis. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar cuta ta shiga jiki ta wani waje daban, galibi ta hanji ko ta mafitsara da al'aura, garkuwar jiki ta tashi ta yaƙe ta, amma bayan an gama yaƙin sai garkuwar ta ƙi kwanciya, ta juya kan gaɓɓai da jijiyoyin da ke manne da ƙashi, wani lokaci har ido da fata. Kamar ɓarawo ne ya shigo unguwa 'yan sintiri suka kore shi, amma garin gudu ya yar da hularsa a zauren wani bawan Allah, sai suka tsaya nan suna ta dukan ƙofar gidan. Masu bincike sun sha samun ɓurɓushin jikin ƙwayoyin cutar a cikin gaɓar da ta kumbura, amma in aka zuƙo ruwan gwiwar aka kai ɗakin gwaji dan a raino ƙwayar, ba abin da ke tsirowa. Wannan shi ne bambancinsa da gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga ta yi mugunya a ciki, zan dawo kan wannan dan yana da hatsari sosai.

Ƙwayoyin da aka fi sani da jawo shi ba su da yawa. Ta ɓangaren hanji akwai Shigela mai sa atini, wato bayan gida da jini da majina da murɗar ciki, tana yaɗuwa ta hannu mara tsafta da ruwa da ƙuda. Akwai Salmonela, dangin mai sa taifot, irin waɗanda ake samu a ƙwai da kaza da abincin da ya kwana ya lalace. Akwai Kamfilobakta, ita ma kazar da ba ta gasu ba da madarar da ba a tafasa ba. Sai Yasiniya da aka fi gani a ƙasashe masu sanyi. Ta ɓangaren saduwa kuwa babbarsu ita ce Kilamidiya, kuma matsalarta shi ne sau da yawa ba ta nuna komai, musamman a jikin mata, mace za ta iya ɗauke da ita wata da watanni ba ta sani ba, namiji ma wani ɗan zafin fitsari ne kawai zai ji da safe ko ɗan ruwa ya ɓata mai wando ya wuce. Wanda ke biyo bayan gudawa maza da mata kusan daidai yake kama su, wanda ke biyo bayan Kilamidiya an fi ganinsa a maza.

Ba sabon ciwo bane. A 1916 lokacin yaƙin duniya na ɗaya, wani likitan Jamus mai suna Hans Reiter ya rubuta labarin wani soja da ya yi atini sannan ya samu kumburin gaɓɓai da jan ido da zafin fitsari, a shekarar ne kuma wasu likitocin Faransa biyu, Fiessinger da Leroy, suka ba da rahoton irinsa a nasu sojojin. An daɗe ana kiran ciwon da sunan Reiter, daga baya aka yi watsi da sunan saboda mutumin ya zama babba a harkar lafiya ta gwamnatin Hitila kuma yana da hannu a gwaje-gwajen zalunci da aka yi kan fursunoni. Amma abin da ya fi burge ni a tarihin shi ne na ƙasar Finlan, inda aka yi annobar atini a 1944 wadda ta kama mutum wajen 150,000, wani likita Paronen ya bi diddigi ya samu mutum 344 da suka kamu da wannan ciwon gaɓɓan. Ka duba lissafin da kyau. Dubban mutane sun sha ruwa ɗaya, sun yi atini iri ɗaya, amma 'yan ƙalilan ne gaɓɓansu suka kumbura. Shi ya sa a gida ɗaya kowa zai yi gudawa bayan cin abincin biki amma mutum ɗaya ne zai kwanta da gwiwa, kuma wannan ne ke ƙara sa mutane su ce ai da hannu a ciki, dan me sai shi kaɗai.

Amsar tana cikin halittar jikin kowa. Akwai wata alamar gado a jikin ƙwayoyin halitta da ake ce wa HLA-B27, masu ita sun fi saurin kamuwa, kuma in sun kamu ciwon ya fi tsanani da daɗewa. Turawa kusan 8 cikin 100 suna da ita, amma a baƙar fatar Afirka ba ta da yawa ko kaɗan. Wannan yana da amfani a sani, saboda wani zai kashe kuɗi mai yawa ya yi gwajin, a ce babu, sai ya ɗauka toh ba ciwon bane. A'a. Ana kamuwa ko babu ita, kuma da yawan masu ita har su tsufa ba abin da ya same su. A nahiyarmu abin da likitoci suka fi lura da shi ma shi ne alaƙarsa da cutar ƙanjamau, a ƙasashe irin su Zambiya an ga ƙaruwar irin wannan ciwon gaɓɓan sosai lokacin da ƙanjamau ya yaɗu. Dan haka in likita ya ce a yi gwajin HIV kar mutum ya ji an zage shi ko ya yi fushi ya fita, ƙa'idar aikin ce, kowa ake yi wa.

Yanzu bari mu zo kan yadda yake a jiki, dan nan ne mutum zai iya gane kansa ko ɗan'uwansa. Ba ya kama gaɓɓai da yawa lokaci ɗaya, galibi ɗaya zuwa huɗu ne, kuma ya fi son ƙafafu, gwiwa, idon sawu, yatsun ƙafa, sannan ba ya yin daidai-wa-daida, sai ka ga gwiwar dama da idon sawun hagu. Wani yatsan ƙafarsa ɗaya ne zai kumbura gaba ɗaya tun daga tushe har ƙarshe, ya yi jajir, takalmi ya gagara. Sannan akwai ciwon dunduniya, wanda masu ciwon suka fi kuka da shi, wajen da agara ta manne da ƙashi ta baya ko kuma ƙarƙashin dunduniyar. Da asuba in ya sauko da ƙafa daga gado zai yi alwala, takun farko sai ya dafa bango ya cije leɓe, sai ya yi ɗingishi zuwa bayi ya dawo sannan abin ya ɗan saki. Wannan sandarewar ta safe alama ce babba. Ciwon da gajiya ko aiki ya kawo hutu ne ke sauƙaƙa shi, shi kuwa wannan in ka kwanta ya fi tashi, in ka motsa ya ɗan lafa. Wasu yana kama musu ƙugu da ƙasan baya har cikin ɗuwawu, ya tashe su cikin dare.

Ga kuma waɗanda ba na gaɓa ba, su ne mutane ba sa haɗawa da shi kwata-kwata. Ido ya yi ja yana ƙaiƙayi da kwantsa, a ce Apolo ne. Fitsari ya yi zafi, kuma abin lura shi ne ko wanda nasa ta gudawa ya zo, bai taɓa kusantar kowa ba, zai iya jin zafin fitsarin nan, dan garkuwar ce ke hura wajen. Ina so ma'aurata su riƙe wannan da kyau kafin a fara zargin juna a rusa gida. Akwai ƙuraje a baki marasa zafi, akwai wasu ƙuraje a kan mazakuta su ma ba zafi, akwai wani kaurin fata mai ɓawo a tafin ƙafa ko tafin hannu, farce ma yana iya canzawa. Ga zazzaɓi sama-sama da kasala da rama. Ba dole sai duk sun haɗu ba, waɗanda suke haɗa gaɓa da ido da fitsari duka ukun ba su kai rabi ba, da yawa gwiwar ce kawai.

Maganar ido ina so in tsaya a kanta. Jan ido mai ƙaiƙayi yana wucewa da kansa. Amma in idon yana ciwo can ciki, mutum ba ya iya kallon haske, gani ya yi hazo-hazo, toh wannan kumburin cikin ido ne kuma yana iya lalata gani in aka yi wasa, ranar ya kamata a ga likitan ido, ba gobe ba. Kar a ɗiga tozali ko ruwan wani ganye ko nonon mai shayarwa, kar kuma a je kemis a ce a ba ni maganin jan ido, saboda wasu ɗigon suna da sinadarin da in ba likita ne ya duba ya bayar ba sai su ƙara ɓata lamarin. Ido ba ya jira.

Babu wani gwaji guda ɗaya da za a yi a ce ga shi ya nuna. Labarin da mara lafiya ya bayar shi ne rabin aikin, kuma a nan ne muke cutar kanmu. Mutum zai shiga wajen likita ya nuna gwiwa kawai, ba zai faɗi gudawar watan jiya ba dan yana ganin meye haɗinsu, ba zai faɗi zafin fitsari ba dan kunya, musamman in yayansa ko mahaifinsa ne ya rako shi yana tsaye a kansa. Dan Allah masu rakiya ku dinga ba mara lafiya waje ya gana da likita shi kaɗai ko na minti biyar ne. Mace ma haka, in mijinta ko uwar mijinta na zaune ba za ta iya cewa tana ganin wani ruwa ba. Likita zai sa a ɗebi jini a duba alamun kumburi, a duba fitsari dan neman Kilamidiya, wani lokaci bayan gida duk da cewa sau da yawa ƙwayar ta riga ta tafi. In gwiwar ta tara ruwa zai sa allura ya zuƙo, za ka ga ruwa rawaya-rawaya ya cika sirinji, kuma nan take mutum yake jin sauƙin ɗaurewar. Mutanenmu suna tsoron wannan, wai in an zuƙe ruwan gwiwa ƙafa za ta bushe. Ba haka bane, jiki yana sake yin nasa ruwan, wanda aka cire na ciwo ne, kuma shi ne hanyar da za a tabbatar ba mugunya bace.

Dalilin da yasa na nace a je asibiti kenan, dan akwai ciwuka masu kama da shi da ba sa ɗaga ƙafa. Gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga kai tsaye tana iya lalacewa cikin 'yan kwanaki, alamarta zazzaɓi mai zafi da gaɓa ɗaya da ko taɓa ta ba a iya yi. Ƙwayar ciwon sanyi na mara ita ma tana iya bin jini ta sauka a gaɓa. Akwai tarin fuka na ƙashi, akwai sikila, akwai gawut mai kama babban yatsan ƙafa, a yara kuma akwai ciwon gaɓɓan da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro wanda ke taɓa zuciya. Kowanne maganinsa daban. Mai ɗori gwani ne a karaya da targaɗe, amma nan ba abin da ya karye, in aka ja gaɓar da ke hure aka murza aka ɗaure tam azaba kawai za a ƙara. Tsaga da ƙaho a kan gwiwar da ta kumbura kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta su shiga inda da babu su.

Magani kuma akwai, Alhamdulillahi. Matakin farko shi ne magungunan rage kumburi irin su ibufrofen, nafroksen da daiklofenak, amma a sha su yadda likita ya tsara, na wasu makonni a jere, ba yau a sha gobe a bari ba. Kala ɗaya ake sha ba a haɗa kala biyu, kuma bayan an ci abinci, dan suna cin ciki su kawo olsa har da aman jini, suna kuma taɓa ƙoda da ta da hawan jini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, dole su faɗa kafin a rubuta musu. In azumi ya zo a tambayi likita yadda za a yi, shan irin waɗannan da sahur sannan a wuni cikin zafin rana ba ruwa nauyi ne a kan ƙoda. In gaɓa ɗaya ce ta ƙi ji, ana yin allurar sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi, a cikinta, bayan an tabbatar ba mugunya. Wani lokaci a ba da firedinisolon, shi ma sitiroyid ne amma na sha, na ɗan taƙaitaccen lokaci.

Abin da ke ci min rai shi ne haɗin nan da ake ƙullawa a leda a wasu kemis da wajen masu tallan magani a tasha, ƙwaya biyar shida kala-kala ba suna, a ce maganin sanyin ƙashi. Sau da yawa akwai deksametason a ciki, shi ma sitiroyid ne, irin wanda ake ce wa sha-ka-fashe, ga maganin kumburi kala biyu. Mutum zai sha ya ji garau a kwana biyu, ya ce ai ya samu magani, sai ya ɗore a kai wata shida. Daga nan fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi laushi, in kuma ya tsaya farat ɗaya jiki ya rushe. Ciwon da da zai tafi da kansa sai a sayo wanda ya fi shi. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kar ya yanke lokaci ɗaya, ya kai ledar wajen likita a rage masa a hankali.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta fa? In Kilamidiya ce aka samu dole a sha, galibi doksisaikilin na kwana 7, mai ciki kuma a ba ta azitromaisin, kuma dole a yi wa abokin zama magani lokaci ɗaya, in mata biyu ne ko uku duka har mijin, a kuma dakata da saduwa sai an gama. In ba haka ba za a yi ta miƙa wa juna ne, gwiwar ta yi ta dawowa. Amma in ta gudawa ya zo kuma gudawar ta wuce, bincike bai nuna cewa shan antibayotik yana warkar da gaɓar ba, dan haka allurai goma da ake jerawa mutum a ɗuwawu asarar kuɗi ce.

Labari mai daɗi shi ne mafi yawan mutane suna warkewa, galibi cikin wata 3 zuwa 6, wasu ya kai shekara. Sai dai wata shida ba wasa bane ga wanda sai ya fita zai ci, ɗan acaba da ke buga kik da ƙafar da ke ciwo, tela mai taka keke, lebura, uwar gida mai tsugunno wajen wanki da girki. Ga mutane suna ganinka da ƙuruciyarka ba rauni ba jini su ce lalaci ne ko raki, kuma ciwon yau da sauƙi gobe ya tashi, sai a ce ai jiya mun gan ka kana tafiya. Wannan yana karya zuciya, kuma kasalar da ke tare da shi gaskiya ce ba ƙirƙira ba. 'Yan'uwa a yi haƙuri da su, a taimaka da abin cefane in da hali.

Shi kuma mai ciwon, kwanakin da gaɓar ke kan ganiyar zafi a huta, a ɗora ƙafa kan filo amma kar a saba sa filo ƙarƙashin gwiwa tana lanƙwashe dare da rana, dan za ta iya sandarewa a haka. Tsumma mai sanyi ko ƙanƙara a cikin tawul yana rage zafin kumburi, ruwan ɗumi da safe yana sakin sandarewa. Da zarar ya fara lafawa a fara motsi, saboda naman cinya yana saurin zubewa in gwiwa ta kwana biyu ba aiki, har ka ga cinya ɗaya ta fi ɗaya siranta. Ko a kwance za a iya miƙe ƙafa a ɗaure naman cinyar a ƙirga goma a saki, a maimaita, sannan tafiya kaɗan-kaɗan, in akwai sashen gashi da motsa jiki a asibitin kusa a je su koya maka. Mai ciwon dunduniya ya bar silifas ɗin nan mai faɗi kamar takarda da tafiya ba takalmi a kan siminti, ya nemi mai taushi mai ɗan tudu ta baya. Sallah kuma addini ya yi sauƙi, wanda ba zai iya sujada ko zaman tahiya ba ya yi a kujera har ya samu lafiya, kar ya takura gwiwar dan kunyar idon mutane a sahu. Masai na tsugunno yana wahalarwa, kujerar roba da aka huda tsakiya tana maganin wannan.

Akwai kaso da nasu ba ya tafiya ko ya dinga dawowa, wasu kuma ya zarce ya zama ciwon ƙugu da ƙashin baya na dindindin. In an wuce wata shida ana fama, ko magungunan farko sun kasa, lokaci ya yi da za a nemi takardar turawa zuwa likitan da ya ƙware kan ciwukan gaɓɓai, ba su da yawa a ƙasar nan, sai a manyan asibitocin koyarwa, amma tafiyar ta cancanta. Su ne ke ba da irin su salfasalazin da metotireksat, masu kwantar da garkuwar jiki, waɗanda sai an yi makonni kafin a ga aikinsu kuma ana bin su da gwajin jini lokaci-lokaci dan duba hanta da yawan jini. Metotireksat sau ɗaya a sati ake shan sa, ba kullum ba, shan sa kullum yana iya kisa, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa sam. Akwai wasu allurai na zamani da ake ba wanda duk waɗannan suka gaza a kansa, suna da tsada sosai kuma sai an tabbatar mutum ba shi da tarin fuka a ɓoye kafin a fara.

Wanda ya taɓa yi ya warke ya sani wata gudawar ko wata Kilamidiyar za ta iya tayar masa da shi, dan haka shi ya fi kowa buƙatar kula da ruwan da yake sha, musamman da damina lokacin da rijiyoyi ke gurɓata, ya tafasa ko ya sa sinadarin tace ruwa, ya wanke hannu da sabulu bayan bayi, tsire da kaza a tabbatar sun gasu har ciki, nono a san an dafa madarar kafin a kwantar. Ya kuma adana katinsa na asibiti da sakamakon gwaje-gwajen, ko hoto ne ya ɗauka a waya, dan in ido ya yi ja ko baya ya fara tashinsa da dare bayan shekara biyu, likitan da zai gani a lokacin yana buƙatar sanin cewa an taɓa yin wannan.